Tambaya da Amsa: Munduwar wurin wasa, manhajar waya, da wanda ke bin sawunka a hutu

Tun da dogon hutu ya matso, wasiƙun da ke shigo mana daga Bauchi da Gombe suka karkata ga abu guda: manyan wuraren wasa na ƙasashen waje, irin na Disney a Amurka da na tsibirin Yas a Abu Dhabi, inda yanzu da wuya a shiga ba tare da manhaja a waya, ko munduwa a hannu, ko ɗora yatsa a kan na'ura ba. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ɗanmu da ke aiki a Amurka ya gayyace mu mu kai jikoki Disney ta Orlando. Ya ce akwai wata munduwar roba da kowa ke sawa, da ita ake shiga, da ita ake biyan kuɗi. Maigida ya rantse ba zai sa ba, wai shi ba fursuna ba ne da za a ɗaura masa abin bibiya. Da gaske ne tana nuna duk inda mutum ya taka? (Wata Hajiya daga Fadaman Mada, Bauchi)

Amsa: Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Alhaji bai yi ƙarya ba, amma akwai hanyar da zai shiga ba tare da munduwar ba, kuma abin da ya fi ta bibiya, wato wayarsa, yana cikin aljihunsa tun daga Bauchi.

Sunan munduwar MagicBand. Disney ta fito da ita a 2013 a Walt Disney World, wato Disney ta Orlando, cikin wani babban shiri da ta kira MyMagic+, wanda aka ruwaito ya ci kusan dala biliyan ɗaya. Da za a tsaga robar, abubuwa biyu za a gani masu muhimmanci. Na farko ɗan guntun lantarki ne irin na katin ATM ɗin nan da ake taɓawa a jikin POS ba sai an zura shi ba. Ba shi da batir, kuma ba ya cewa komai sai an manna shi a jikin na'ura. Shi ke buɗe ƙofar ɗakin otal, shi ake taɓawa a ƙofar shiga. A can za ki ga wani ɗan ginshiƙi mai kai kamar ƙwallo da zanen kan Mickey a jiki. Ki manna munduwar, haske ya zagaya ya koma kore, ki wuce. In ya koma shuɗi, akwai abin da bai daidaita ba, ma'aikaci zai matso da kwamfutar hannu ya duba.

Na biyun shi ne abin da Alhaji ke gudu: ƙaramin rediyo mai nasa batir, wanda ke aiki a zangon 2.4 GHz, yana ta sanar da lambar munduwar. Na'urorin da kamfanin ya kafa a wurare daban-daban suna jin wannan lamba daga nesa, ko ba a taɓa komai ba. Ta haka ne hoton da aka ɗauke ki kina kan lilo yake faɗowa cikin asusunki ba ki nema ba. Ta haka ne a wani gidan abinci na Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney ta Orlando, ma'aikata suka riƙa gano teburin mutum su kawo masa abincinsa ba tare da an kira suna ba, kuma a ƙarshen wani lilon jirgin ruwa allo ya riƙa yi wa baƙi sallama da sunayensu. Wasu abin ya burge su, wasu kuwa tsikar jikinsu ta tashi. Munduwar ba ta da GPS. Da kin fita daga filin Disney, babu na'urar da ke sauraronta, ta zama roba kawai.

Kamfanin yana cewa babu suna ko lambar kati a cikin munduwar, lamba ce zalla. Haka ne, kuma wannan yana da amfani idan ta faɗi wani ya tsinta. Sai dai BVN ma lamba ce zalla. A hannun ɗan acaɓa ba ta da ma'ana, a hannun banki kuwa ita ce ke ɗaure sunanki da hotonki da duk asusunki wuri guda. Lambar munduwa tana ɗaure da asusun da ɗanku zai buɗe, wanda ke ɗauke da sunayenku, ranakun haihuwar yara, lambar ɗaki, katin biya, lokacin da kuka shiga, lilon da kuka hau, da abin da kuka ci. Ruwa ba ya tsami banza. Kamfani na son sanin inda jama'a ke taruwa don ya tura ma'aikata, kuma ya san cewa wanda ke biya da ɗaga hannu ya fi saurin kashe kuɗi a kan mai ƙirga takardar dala.

Ba Alhaji ne farkon mai ƙorafi ba. A watan Janairun 2013, tun kafin munduwar ta bazu, ɗan majalisar wakilan Amurka Ed Markey ya rubuta wa kamfanin yana tambayar abin da za a yi da bayanan yara, shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya mayar masa da martani mai zafi, yana cewa babu wanda aka tilasta wa. Wannan ɓangaren na maganarsa yana nan har yau. Tun Janairun 2021 ma an daina ba masu kwana a otal ɗin Disney munduwar kyauta, saye ake yi. Sabuwar, MagicBand+, wadda ta fito a 2022, tana da fitilu, tana girgiza, ana yi mata caji, tana kuma haɗuwa da waya ta Bluetooth.

Abin da Alhaji zai nema shi ne kati na roba, a teburin otal ko a wurin sayar da tikiti. Katin yana da guntun taɓawa kaɗai, babu rediyon nesa, kuma yana buɗe ƙofa ya shigar da shi wurin wasa daidai da munduwa. Abin da zai rasa bai wuce hotunan da ke zuwa da kansu ba. Sai ya taɓa katin a allon hotuna bayan ya sauka daga lilo. Idan kuma wani cikinku ya sa munduwa ta ɓace, a shiga asusun nan take a kashe ta. Wanda ya tsinta ba zai iya sayayya ba sai da lambar sirri mai alƙaluma huɗu, don haka kada a zaɓi shekarar haihuwa.

Tambaya: Malamai, na karanta cewa yanzu sai mutum ya tsara komai ta waya tun yana gida, har lokacin da zai hau kowane lilo. Mu bakwai ne, kuma ni aka ɗora wa aikin. Ta ina zan fara, kuma ina ake yin kuskure? (Wani malamin makaranta daga Yelwa, Bauchi)

Amsa: Malam, duk wanda ya taɓa neman gurbin ziyarar Rauda a manhajar Nusuk ya san rabin darasin: gurbi yana buɗewa, yana cika, kuma wanda intanet ɗinsa ta yi jinkiri ya rasa.

Kaɗan daga tarihin abin zai sa ka gane dalilin da ya sa baƙi ke gunaguni. A 1999 Disney ta fara FastPass, takarda ce da ake cira a na'ura kyauta, ta rubuta maka lokacin da za ka dawo ka tsallake dogon layi. A zamanin MyMagic+ aka mayar da ita FastPass+, inda ake zaɓar lilo uku tun kafin tafiya, kwana 60 ga masu kwana a otal ɗin Disney, kwana 30 ga sauran. Mutane suka ce an kashe daɗin hutu, wa ya san abin da yaro zai so nan da wata biyu? Annobar korona ta dakatar da tsarin a 2020. A Oktoban 2021 aka kawo Genie+, wanda ya fara da dala 15 kan kowane mutum a rana a Orlando, kuma sai ranar ake kama gurbi, daga ƙarfe bakwai na safe. Ƙorafi ya zama biyu: abin da yake kyauta ya koma na kuɗi, sannan uba yana hutu amma ya tashi da asuba yana dangwalar waya, ya kuma wuni kansa a sunkuye. A Yulin 2024 aka sake sauya shi zuwa Lightning Lane Multi Pass, wanda ya dawo da zaɓen lilo uku tun kafin ranar: kwana 7 kafin isowa ga masu kwana a otal ɗin Disney, kwana 3 ga sauran. Kuɗinsa yana hawa da sauka gwargwadon rana da wurin wasan.

Ka fara da asusu ɗaya a manhajar Disney mai suna My Disney Experience, ka shigar da duk mutum bakwai, ka ɗaura wa kowa tikitinsa. Nan ne aka fi faɗuwa. Idan tikitin mutum ɗaya bai ɗauru ba, ranar kama gurbi sunansa ba zai zaɓu ba, kafin ka gyara lokutan safe sun ƙare. Ka gama wannan tun da saura makonni. Yaro ƙasa da shekara 3 ba ya buƙatar tikiti, daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, daga 10 kuɗin manya.

Sai lissafin agogo. Ana buɗe kama gurbi ƙarfe 7 na safe agogon Orlando. Daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, wannan ƙarfe 12 na rana ne a Bauchi. Sauran watanni kuwa ƙarfe 1, domin su suna sauya agogo, mu ba ma sauyawa. Amma ka lura da wani tarko: lokacin da aka ƙaddamar da wannan tsari a 2024, saye tun kafin ranar an keɓe shi ga waɗanda ke cikin Amurka da Kanada, manhajar kuma tana duba inda wayar take. In kana da ɗan'uwa a can, ka sa shi cikin jerin iyalinka a asusun ya yi muku. In babu, kuma sharaɗin yana nan, sai bayan kun sauka a Amurka. Gidajen abinci na zama kuwa ana kama teburinsu tun kwana 60.

Kuɗi ma yana kawo cikas. Katin naira da yawa ba ya wucewa a irin waɗannan shafuka, ko kuma yana da iyakar da tikiti bakwai suka zarce. Ka yi amfani da katin dala, ka gwada shi da ƙaramin saye tukuna. Kuma bankinka zai turo lambar tabbatarwa zuwa layinka na gida. Idan ka cire sim ɗin a Amurka ko ba a buɗe masa aiki a waje ba, lambar ba za ta iso ba, sayen ya tsaya. Ka mayar da ita ta imel ko ta manhajar banki kafin ka tashi.

Ka auna tsayin yara a gida da tef ɗin tela, suna sanye da takalmi. Lilon Space Mountain sai mai santimita 112, lilon Seven Dwarfs Mine Train sai mai 97. Manhajar za ta bar ka ka kama wa yaro gurbi, ma'aikacin da ke riƙe da sandar awo a bakin layi ne zai mayar da shi, kuma ba a roƙonsa.

Kowane gurbi yana ba ka awa ɗaya ka iso. Da ka taɓa na farko, sai a buɗe maka damar kama wani, don haka ka sa na farko da sassafe. Ka bar tazara tsakanin azahar da la'asar don salla da abinci da hutun tsofaffi. A lokacin zafi ma da rana ne hadari ke tasowa a Florida, a rufe lilon da ke fili. Manhajar tana shan batir sosai, ka tafi da fawa bank mai ƙarfin 10,000 mAh a jakar hannu, ba a sa shi a kayan da ke shiga cikin jirgi. Soket ɗin Amurka ba irin namu mai ƙafa uku ba ne, ka sayi adafta a Wunti kafin tafiya. Namu ra'ayin: gurbi uku a rana sun ishi iyali mai tsofaffi da ƙanana, sauran a bar wa ƙafa.

Tambaya: A wani wurin wasa da muka je a waje, na'urar ƙofa ta ƙi karɓar yatsana har sau huɗu, mutane na bayana suna jira, na ji kunya ƙwarai. Na yi lalle kafin tafiyar. Shi ne dalili? Kuma me ya sa wurin wasa zai nemi yatsa kamar zaɓe? Yayata kuma tana sa niƙabi, an ce wasu wuraren fuska suke dubawa. (Wata matashiya daga Jekadafari, Gombe)

Amsa: Ƙanwarmu, zai iya zama lallen ne. Ba banza ba hukumar JAMB take gargaɗin ɗalibai su guji lalle a yatsu kafin jarrabawa. Lalle mai kauri, musamman baƙi, yana dusashe bambancin tudu da kwarin zanen yatsa a idon na'ura. Busasshiyar fata irin ta hunturu, jiƙaƙƙen hannu, man shafawa, da zanen da ya goge saboda tsufa ko aikin hannu duk suna jawo haka. Amma abin da ya fi yawa ya fi wannan sauƙi: mutum ya ɗora manuniyar dama ranar farko, washegari ya ɗora babban yatsa. Na'urar yatsan farko kawai ta sani. In za ki yi lalle, ki bar manuniya ɗaya fara, ki goge ta a jikin mayafi kafin ki ɗora, ki kwantar da ita kada ki danna da ƙarfi.

Dalilin neman yatsa kuɗi ne. Tikitin kwana biyar ya fi na kwana ɗaya araha a kowace rana, to kada wani ya yi kwana biyu ya sayar da ragowar uku. Disney tana cewa ba ta ajiye hoton yatsa; na'urar tana auna wasu ɗigogi ta mayar da su lamba, ta ɗaura a tikiti, ta yar da hoton. Wanda bai yarda ba yana iya zuwa ofishin kula da baƙi ya nemi a riƙa duba katin shaidarsa mai hoto a madadin yatsa. Yana ɗan ƙara jira, shi ke nan. Yara masu shekara 3 zuwa 9 kuma uwa ko uba na iya ɗora nasa yatsan a madadinsu, da sharaɗin shi ɗin ne zai riƙa shigar da su kullum. Ranar da ya tsaya a otal, sai an nemi ma'aikaci.

Kin yi daidai da kika tambaya, domin lambar sirri in ta fita ana canza ta, yatsa kuwa goma ne har abada. A jihar Illinois ta Amurka akwai dokar 2008 da ta hana karɓar zanen yatsa ba tare da rubutaccen izini ba. Wata uwa ta kai kamfanin wuraren wasa na Six Flags ƙara kan an ɗauki zanen yatsan ɗanta mai shekara 14 don tikitin shekara. A Janairun 2019 kotun ƙolin jihar ta ce ba sai an nuna wata cuta ta zahiri ba, keta dokar kaɗai ya isa a yi ƙara. Daga baya kamfanin ya amince da sulhu na dala miliyan 36.

Batun fuska: wuraren wasa na tsibirin Yas, irin su Ferrari World da Warner Bros. World, suna da tsarin FacePass, wanda mutum ke yin rajistarsa da kansa a manhaja. Disney ta gwada na'urar gane fuska a ƙofar Magic Kingdom a 2021 ga masu so, Universal ta Orlando kuma tana amfani da hoton fuska a ƙofofinta. Yayarki kada ta yi rajistar fuska a manhaja. Ta riƙe tikitinta da katin shaida, ta faɗa wa ma'aikaci tun kafin ta kai gaban na'ura, in kuma ana buƙatar a gwama fuskarta da kati, ta nemi mace ta duba a gefe.

Tambaya: In na sa wa yarona munduwar, zan iya ganin inda yake a wayata idan ya ɓace? (Wani uba daga Azare)

Amsa: A'a, Alhaji. Na'urorin kamfanin ne ke jin munduwar, manhajar ba ta nuna wa iyaye inda yaro yake. Wasu suna saka AirTag, wata 'yar na'urar gano inda kaya suke, a aljihun yaro. Shi ma ba GPS ba ne, yana dogara da wayoyin iPhone da ke kusa su kai rahotonsa, saboda haka a cikin cunkoso yana aiki, amma yakan yi jinkiri, kuma Apple ta ƙera shi ne don kaya. Abin da ya fi tabbas tsohon yayi ne: ka ɗauki hoton yaron kowace safiya da kayan da ke jikinsa, ka rubuta lambar wayar da ke aiki a can a takarda ka saka masa a aljihu, ka nuna masa irin bajon suna da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji, ka ce in bai gan ka ba ya tsaya wurin mai irin wannan. A Disney ana kai ƙananan yaran da suka ɓace cibiyar kula da jarirai da ke cikin kowane wurin wasa.

Tambaya: Kun sha cewa waya ta fi komai tona asiri. Me zan kashe, me zan bari? Kuma bayan mun dawo, ina da ikon cewa a goge bayananmu? (Wata ma'aikaciyar banki daga GRA, Bauchi)

Amsa: Malama, munduwa tana aiki a cikin katangar wurin wasa kawai, manhajar da aka ba cikakken izini kuwa tana iya sanin otal ɗinki, kantin da kika shiga, har gidanki bayan kin dawo. Wanda ya ƙi munduwa amma ya danna "na yarda" ga duk abin da waya ta tambaya, ya gudu daga yayyafi ya faɗa kogi.

Ki shiga saitin waya, ki nemi izinin da manhajar ke da shi. Izinin wuri ki mayar da shi "lokacin da ake amfani da manhajar kaɗai", kada ki bar shi a "kullum". Akwai wani maɓalli na nuna ainihin wuri daki-daki; ki kunna shi a cikin wurin wasa don taswira ta nuna miki hanya, ki kashe da kin fito. Lambobin mutane, makirfo da ma'ajiyar hotuna babu ruwan manhajar da su don ki hau lilo. Bluetooth ki bar shi a kashe sai in kina da munduwa mai haɗuwa da waya ko za ki buɗe ƙofar ɗaki da ita. Wi-Fi na kyauta na wurin yana rage miki kuɗin data, amma shi ma yana gane ɓangaren da wayarki take daga na'urar da ta kama. A iPhone, idan manhaja ta nemi izinin bin ki zuwa wasu manhajoji, ki ƙi; a Android ki goge lambar talla da ke cikin saitin sirri. Ki buɗe imel na daban don tafiyar. Yara ƙanana kuma ki sa su ƙarƙashin asusunki, kada ki buɗe musu nasu.

Bayan dawowa, ki sauke hotunanku tukuna, domin suna da wa'adi. Sannan ki cire katin biya, ki kashe munduwoyi. Cire manhaja daga waya ba ya goge asusu. Wannan sai an nema daban ta shafin sirri na kamfanin.

Iko kuwa ya danganta da ƙasar. Idan Disneyland ta Faris kuka je, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta shafe ki ko da fasfo ɗinki kore ne: kina iya neman kwafin abin da aka tara a kanki ko a goge shi, kuma a ƙa'ida su amsa cikin wata ɗaya. A Amurka dokokin jiha-jiha ne, yawanci kuma mazauna jihar suke karewa, sai dokar tarayya ta COPPA ta 1998 da ke kare bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 a intanet. Tamu Dokar Kare Bayanai ta 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, ta fi ƙarfi a kan masu aiki a cikin gida, misali kamfanin shirya tafiya da ya karɓi kwafin fasfo ɗinku a Bauchi ko Abuja. Shi kam kina iya rubuta masa ki ce ya goge.

Tambaya: Ina da ƙaramin wurin wasan yara, lilo takwas da gidan tsalle. Ranar Sallah layi yana kaiwa titi, kuma kuɗi na zurarewa a hannun yaran da ke karɓa. Wani ya ba ni shawarar munduwa irin ta turawa, har da ɗaukar yatsa. Ya dace? (Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada, Gombe)

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yatsan kam ka manta da shi. Dokar 2023 ta sa zanen yatsa da fuska cikin bayanai masu tsananin sirri, duk wanda bai kai 18 ba kuma sai da izinin iyaye, ga shi galibin yaran Sallah yayye ne ke kawo su. In bayanan suka fita ta hanyar da ka iya cutar da masu su, awa 72 gare ka ka sanar da hukuma. Wannan kaya ya fi ƙarfin lilo takwas.

Matsalarka biyu ce, kuma kowace da maganinta. Zurarewar kuɗi tana tsayawa idan kuɗi ya tsaya a taga ɗaya. Ka sayi kati ko munduwar taɓawa mai aiki a zangon 13.56 MHz, wadda ba ta karantuwa sai a tazarar 'yan santimita. Mutum ya biya a taga, a loda masa adadin hawa, a kowane lilo a taɓa a cire ɗaya. Kada ka rubuta suna ko lambar waya a tsarin. Lambar kati da ragowar hawa sun wadatar. Kana buƙatar na'urar karantawa a kowane lilo, ɗaya a taga, biyu na ajiya, da kwamfuta ɗaya a cikin harabar da ke riƙe lissafi ba tare da intanet ba, domin ranar Sallah layin waya kan cushe, tsarin da ya dogara da data zai tsaya daidai lokacin da ka fi buƙatarsa. Ka ɗora kwamfutar da na'urorin a kan inbata, kada su mutu a 'yan daƙiƙun da ake tayar da janareta. Ka karɓi ɗan kuɗin ajiya a kan kowane kati a mayar wa wanda ya dawo da shi, in ba haka ba rabin katunan za su kwana a gidajen mutane. Ka kuma rubuta a allo ƙarara abin da za a yi da ragowar hawan da ba a yi amfani da shi ba, don nan rigima ke tashi. Ka guji mafi arahar katunan da ake karanta lambar jikinsu kawai, domin ana iya kwafarsu da na'urar da ba ta da tsada.

Layi kuwa ko ba lantarki ana rage shi. Munduwar takarda mai manne, wadda ba ta cirewa sai an yaga, kala huɗu: kore daga 10 zuwa 12, ja daga 12 zuwa 2, haka har yamma. Ka ƙirga yawan yaran da lilonka ke ɗauka a awa biyu. Lilo mai kujera 12 da ke zagaye ɗaya a minti 5, haɗe da hawa da sauka, yana ɗaukar 144 a awa, wato 288 a zango guda. Ka yi wannan lissafi ga duka takwas, ka haɗa, ka raba da adadin hawan da kake so kowane yaro ya samu, abin da ya fito shi ne iyakar munduwar da za ka sayar ta kowace kala. Ka sauya jerin kalolin kowace rana, domin yaran unguwa za su adana ta jiya su dawo da ita.